Amsoshin Takardunku: Shin Sabon Maganin Sikila Yana Gyara Jinin Zuriya?

 A wannan mako takardu biyu muka haɗa wuri guda, domin duk daga kudancin jihar Sakkwato suka fito, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Da yake magana ce ta lalurar iyali, mun sakaya sunayensu.

Ta farko wani magidanci ne ya aiko mana daga garin Tambuwal. Yana cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da yaro ɗan shekara 13 mai ciwon sikila, kuma kafin shi mun rasa biyu suna ƙanana. Na ji ana faɗin wai Turawa sun samo maganin da ke canza jinin mutum ya rabu da ciwon baki ɗaya. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, wanga magani yana iya kawowa gare mu? Kuma in yaro ya warke, ɗiyan da zai haifa sun tsira ke nan?"

Ta biyu kuma wani saurayi ne daga ƙaramar hukumar Kebbe. Ya ce an yi masa baiko da ɗiyar baffansa, sun je gwaji aka ce shi AS ita ma AS. Wani abokinsa ya ce masa kada ya damu, yanzu likitoci suna gyara jinin yaro tun kafin ya zama mutum. Yana tambaya ko haka ne, kuma ko addini ya yarda da irin wannan gyara.

To, Malam na Tambuwal, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mai jinya lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai gaskiyar tana da sharuɗɗa masu nauyi. Shi kuwa abokin saurayinmu na Kebbe ya haɗa abubuwa biyu ne da ba ɗaya suke ba. Amma kafin mu kai nan, bari mu fara da asalin ciwon.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da masana ke kira DNA, mai haruffa wajen biliyan 3. Kwafi biyu kowa yake da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wani ɗan yanki na wannan rubutu shi ke umartar jiki yadda zai ƙera himogulobin, wato sinadarin nan da ke sa jini ya yi ja, wanda ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. A wurin mai sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya a wannan yanki. Duk wanda ya yi karatun allo ya san aikin ɗigo guda: ka ɗauke shi daga ƙasan harafi ka mai da shi sama, ba ta koma nun, ma'ana ta tafi. To haka nan. Saboda wannan harafi guda, ƙwayar jini da ya kamata ta kasance a zagaye mai laushi sai ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma ta mutu da wuri. Daga nan ne ciwon ƙashi mai sa yaro kuka da dare yake zuwa, da kumburin hannu da ƙafa, da ƙarancin jini, da rawayar ido, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa ƙalau yake rayuwa. Wanda ya gada daga uwa da uba duka shi ne SS, shi ne mai ciwon. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 kowace shekara a ƙasar, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. A nan ƙasar Hausa ma an taɓa ƙirgawa. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a ƙauyukan Garki (ba Garkin Abuja ba, wadda ke jihar Jigawa a yau), an tarar kusan jarirai 2 cikin kowane 100 SS ne, amma da aka duba manya da ƙyar ake samun ɗaya. Ba warkewa suka yi ba, rasuwa suka yi tun suna ƙanana. Da yawa daga yaran da kakanninmu ke kira 'yan wabi, ana huda musu kunne ana raɗa musu sunayen ƙi-da-kai, mai yiwuwa wannan ciwo ne ke ɗauke yayyensu.

Yanzu ga maganin da Malam ya ji labari. A shekarar 2012 wasu mata biyu masana kimiyya, Jennifer Doudna 'yar Amurka da Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa, suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara mai suna CRISPR a matsayin almakashi, a nemo wuri guda a cikin wancan dogon rubutu a yanka. Sun sami lambar yabo ta Nobel a kan haka a 2020. A watan Yuli na 2019 aka gwada dabarar a jikin wata mai sikila, Victoria Gray, daga jihar Mississippi ta Amurka, ta kuwa sami sauƙin da ba ta taɓa gani ba. A watan Nuwamba na 2023 Ingila ta amince da maganin, mai suna Casgevy, Amurka ta bi baya a watan Disamba, tare da wani na biyu mai suna Lyfgenia. Bahrain da Saudiyya su ma sun amince da Casgevy.

Ba allura ba ce da za a yi wa yaro ya tashi ya tafi gida, ba kuma ƙwaya ba ce. Da farko ana tatso uwayen ƙwayoyin jini daga jikin majinyacin, wato waɗanda ke zaune cikin ɓargo suna haifar da sabon jini. A kai su ɗakin bincike a yi musu gyaran, abin da kan ɗauki watanni. Abin sha'awa, Casgevy ba ya taɓa harafin nan da ya sauya. Kowane jariri yana zuwa duniya da wani irin himogulobin na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ma ba a cika ganin alamun sikila ba sai yaro ya kai wata biyar ko shida, lokacin da jiki ya rufe ƙofar wancan ya koma na manya. To almakashin yana lalata sakatar da ta rufe ƙofar ne, sai jinin jarirantaka ya dawo. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, dole a ba majinyaci wani magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, ana ce da shi busulfan, ya share tsohon ɓargon. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi, mutum ya yi makonni a killace a asibiti. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Ga wanda ya san sikila, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma kuɗin fa? Dala miliyan 2.2 aka sa wa Casgevy a Amurka, Lyfgenia kuma dala miliyan 3.1, ban da kuɗin kwanciya. A canjin ƙarshen 2024, na farkon kaɗai ya haura naira biliyan 3, na mutum ɗaya. Malam, ba za mu ɓoye maka ba, ko gonakin unguwa guda aka sayar ba za su kai ba. Kuma ko da kuɗin a hannu, sai an fita waje, inda ake da cibiyoyin da aka tanada don wannan aiki. A nan ne muke ganin babbar tambayar adalci take, wadda ba a cika yi ba: ciwon yana Tambuwal da Kano da Maraɗi, maganin yana Boston da Landan. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da Gidauniyar Gates sun yi alkawarin zuba dala miliyan 100 kowannensu don neman hanya mai sauƙi, wadda za a yi gyaran a cikin jiki da allura ba sai an share ɓargo ba, domin ƙasashen Afirka. Wannan nema ne aka sa gaba, ba magani ne a kanti ba.

Sai tambayarka ta uku, wadda a ganinmu ta fi sauran muhimmanci: in yaro ya warke, 'ya'yansa sun tsira? Amsa ita ce a'a. Ka ɗauki misalin malami da ya tarar da kuskure a littafinsa ya gyara da alƙalami. Nasa ya gyaru, karatunsa ya miƙe. Amma uwar littafin da almajirai ke kwafa daga gare ta tana can da kuskurenta, duk wanda ya kwafa gobe zai ɗauko shi. Ƙwayoyin ɓargo su ne littafin malam. Maniyyin namiji da ƙwan mace su ne uwar littafi, kuma wannan magani ba ya isa gare su. Don haka wanda aka yi wa gyaran ɓargo, ko ya shekara ashirin bai ji ciwon ƙashi ba, a wajen haihuwa SS ne. In ya auri AA duk 'ya'yansa AS ne. In ya auri AS, kowane ciki rabi da rabi ne. Haka abin yake ga dashen ɓargo na ɗan'uwa, wanda aka fara yi wa mai sikila a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Akwai ma wani abin da ya fi wannan ɗaci. Shi busulfan ɗin nan yakan kashe ƙwayoyin haihuwa, mace ko namiji na iya rasa haihuwa har abada. A can sukan ɗebi maniyyi ko ƙwai su adana cikin sanyi kafin a fara. A 2023 an amince da maganin ne tun daga ɗan shekara 12, wato ke nan uba ne zai sa hannu a madadin yaro kamar naka, a kan abin da yaron ba zai gane nauyinsa ba sai ranar da ya yi aure. A ƙasar da ake tambayar amarya labari tun kafin shekara ta zagayo, wannan ba shawara ce da za a yanke a tsaye ba.

Kuma kada a ɗauka wannan fanni bai taɓa cin rai ba. An fara gwada gyaran ƙwayoyin gado a jikin mutum da izinin hukuma a watan Satumba na 1990, a kan wata yarinya 'yar shekara 4 a Amurka da aka haifa ba ta da garkuwar jiki. A 1999 wani matashi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu kwana huɗu bayan an yi masa allurar gwaji a Jami'ar Pennsylvania. A birnin Paris kuma, cikin yara goma da aka yi wa irin wannan magani na rashin garkuwa, huɗu sun kamu da sankarar jini daga baya, ɗaya ya rasu. Shi kansa Lyfgenia akwai gargaɗin sankarar jini a jikin takardarsa. Shi ya sa ake bin waɗanda aka yi wa sabon maganin har shekara 15 ana duba su. Sai dai duk waɗannan, in an lura, cutar ta tsaya ne a kan wanda aka yi wa, wanda shi ko iyayensa suka amince.

Wannan ya kawo mu ga saurayinmu na Kebbe. Ɗan'uwa, abin da abokinka yake nufi shi ne gyaran uwar littafi, wato a taɓa maniyyi ko ƙwai ko ɗan tayin da bai wuce 'yan kwanaki ba, ta yadda gyaran zai shiga kowace ƙwaya ta jikin yaron, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa. Babu asibitin da ke yi wa mutane wannan da izini a ko'ina a duniya. Wanda aka sani ya yi, wani masani ne ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, daga birnin Shenzhen. A watan Nuwamba na 2018 ya ba da sanarwar haihuwar tagwaye mata da ya taɓa musu wani yanki mai suna CCR5 tun suna 'yan tayi, wai don kada su kamu da cutar ƙanjamau. Da masana suka duba bayanansa sai suka ga gyaran bai fita yadda ya nufa ba, kuma bai shiga dukkan ƙwayoyin daidai ba. Ga shi kuma yaran ba su da ciwon komai tun farko, akwai hanyoyi sanannu na kare jariri daga cutar mahaifinsa. A ƙarshen 2019 kotu ta ɗaure shi shekara uku. Ya gama zamansa ya fito a 2022, su kuwa yaran da abin da aka rubuta musu za su rayu.

Me ya sa duniya ta yi masa ca? Na ɗaya dai almakashin yakan yi kuskure. A 2020 masu bincike a Jami'ar Columbia ta birnin New York sun gwada shi a kan 'yan tayin da ba a yi niyyar dasawa ba, suka ga sau da yawa babban yanki na rubutun ne ke ɓacewa gaba ɗaya. Kuskure a ɓargo na mutum ɗaya ne, kuskure a iri kuwa na zuriya ne, kuma ba a kiran jikan da ba a haifa ba a tambaye shi ko ya yarda. Sa'an nan ba kowane abin da muke gani aibi ne yake aibi zalla ba, kuma sikila ita ce babban misali. Tun 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Dalilin da ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu ke nan: tana kashe mai biyu, tana kare mai ɗaya. Mutumin fadamar Kebbe da ya san yadda sauro ke yi da damina zai gane cewa ba da garaje ake goge irin wannan harafi daga zuriya ba. Akwai kuma tsoron in an buɗe ƙofa don magani, masu kuɗi za su shigo da son tsawo da hasken fata. Ƙasashen Turai da dama sun haramta gyaran iri tun yarjejeniyar Oviedo ta 1997, kuma babban taron masana da aka yi a Landan a watan Maris na 2023 ya sake cewa ba abin karɓa ba ne a halin da ake ciki.

Ta fuskar addini, malamai ba su yi shiru ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi wajen rigakafi da magani muddin cutarwar ba ta rinjayi amfanin ba, ta kuma hana wasa da halittar ɗan Adam da sunan kyautata iri. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2013, ta bambance biyun kamar yadda muka bambance: gyaran ƙwayoyin jiki ya halatta da sharuɗɗa, na ƙwayoyin haihuwa kuwa ta hana shi a yadda yake, saboda haɗarinsa da kuma kiyaye nasaba. Ka ga a nan likita da malami ba su saɓa ba.

Wataƙila abin da abokinka ya ji shi ne wani abu dabam da ake yi a wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja. Ana haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje, a gwada 'yan tayin, a dasa wanda ba SS ba. Wannan zaɓe ne, ba gyara ba. Yana cin miliyoyin naira, ba kowane dashe ne ke kamawa ba, kuma kowane ciki sai an sake.

Saboda haka ga lissafin da ke gabanka. AS da AS, kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu ya zo SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. A kula, kowane ciki muka ce. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai yi ciwo ba. Ciki ba ya tuna abin da na bayansa ya zo da shi. Wani gida su haifi shida ba ko ɗaya, wani kuma uku a jere, kamar yadda mai takardarmu ta farko ya gani a ɗakinsa. Auren zumunci ba shi ke haifar da sikila ba, bare da bare ma suna haifa, sai dai 'yan kaka ɗaya sun fi yiwuwar ɗauke da harafi iri ɗaya. Shawararmu ita ce ku sake gwajin ku biyu a babban asibiti, misali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, domin akan sami kuskure a ƙananan wuraren gwaji, kuma mutane da yawa suna rikita wannan gwaji da na rukunin jini, wato su O da A da B, alhali ba su da haɗi. In sakamakon ya tabbata, a zauna da baffa da sauran manya a karanta musu lissafin nan tun ba a sa rana ba. Mun san ba magana ce mai sauƙi ba a gaban wanda ya riƙe ka kamar ɗansa. Amma ba kai ka fara ba: Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004, jihar Kano ma ta kafa irin wannan doka a watan Mayu na 2024. Hukunci naku ne, mu dai abin da za mu ce shi ne kada a ɗaura auren a kan zaton likita zai gyara iri.

Shi kuma Malam na Tambuwal, kafin wancan magani ya sauko inda hannu zai kai, akwai abin da ke tsawaita ran yaro yau. Akwai ƙwayar hydroxyurea, wadda ita ma jinin jarirantakan nan take tayarwa, ko da yake ba kamar gyaran ɓargo ba. An gwada ta a kan yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka ga tana taimakawa wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Likita ne zai rubuta ta yana duba jini lokaci lokaci, ba a saye a kemis a sha da ka. A haɗa da maganin ƙarin jini na folik asid, da rigakafin zazzaɓi, da gidan sauro, da shan ruwa da yawa musamman a bazara, da rufe jiki in hunturu ya shigo. In zazzaɓi ya taso kada a kwana da shi a gida. Sauran yaran gidan kuma, har da waɗanda ba su taɓa ciwo ba, a kai su a gwada kowa ya san nasa tun kafin maganar aure ta taso.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Wanda ya aiko da tambaya a kan hawan jini daga Dogon Daji ya yi haƙuri, takardarsa ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.